Zuwa ga mutumina a Kano

Salamu alaikum mutumina,

Ya Kano, ya karatu? Mu nan Damagaram lafiya lau, sai zafi da ɗauke wuta da ka sani.

Ka tambaye ni ko ɗaliban jami'ar André Salifou sun koma biyan komi da waya kamar yadda ka ce ana yi wajenku tun ƙarancin takardun naira na 2023. Wallahi da saura. Asusu dai kusan kowa na da shi, wani Airtel Money wani Zamani Cash, wasu sun sa MyNita ko AmanaTa a salularsu, amma ka tsaya ka gani in aka turo ma yaro jika 10 (sefa dubu goma) daga Tanut ko Magarya, saƙo na shigowa zai haye kabu-kabu ya je ya ciro su kaf ko dala ba zai bari ba. Ni ban ga laifinsa ba, mai ƙosai da mai shayi da shi kansa ɗan kabu-kabun duk tsaba suke so a hannu.

Tura kuɗi ta waya kam an yarda da shi, yanzu da wuya ka ga ana ba direba ambulan a tasha. Ajiya ce ba a yarda ba. Ranar da reso, wato sabis na waya, ya ɗauke kana kallon kuɗinka a waya kana kwana da yunwa, ga kuɗin cirewa, ga 'yan damfara. Wani ɗan ajinmu an kira shi da murya kamar ta kuka wai an turo mai kuɗi bisa kuskure, uwar mai kuɗin na asibiti ya taimaka ya maido, ashe saƙon da ya gani su suka rubuta shi da hannunsu, kuɗin hayar ɗakinsa ne ya tura masu. Shi ya sa yara suka fi son ofishi mai tebur da rasit, in kuɗi suka maƙale akwai wanda za ka riƙe ma riga.

'Yan mata kuwa sun fi mu wayo, suna barin nasu a ciki don kar 'yar ɗaki ta gani ta ce ranta mini dala 100 (sefa 500).

Don Allah ka faɗa mini, ku can in ka tura ma mai shayi kuɗi saƙo bai shigo mai ba, zaunar da kai yake ko ka tafi? Ka gaishe mini da su Hajiya.

Naka, daga Birni