Gyara kan mutum miliyan 36 da ake cewa sun mutu a tawayen An Lushan

Malam Edita, Assalamu alaikum.

Ina neman fili in yi gyara kan wata magana da ke yawo a Facebook da wasu rubuce-rubucen tarihi, wai tawayen da wani janar mai suna An Lushan ya tayar wa daular Tang a ƙasar Sin, wanda aka yi daga 755 zuwa 763, ya ci rayuka miliyan 36. Lissafin yana da tushe, sai dai an yi wa tushen gurguwar fahimta.

Alƙaluman suna cikin Tongdian, babban kundin sha'anin mulki da Du You, wani jami'in daular Tang, ya miƙa wa sarki a 801 bayan aikin fiye da shekara talatin. Juzu'i 200 ne, an kasa su babi tara: abinci da kuɗi, zaɓen ma'aikata, muƙamai, bukukuwa da ladubban fada, kiɗa, soja, hukunci, larduna, da tsaron iyaka. Babin ladubba kaɗai ya cinye juzu'i 100, amma abinci da kuɗi ya sa a gaba, don a ganinsa sai talaka ya ƙoshi ya samu sutura kafin a yi zancen tarbiyya. A kowane babi yakan ɗauki abu guda, misali rabon gonaki, ya bi shi tun zamanin da har zuwa nasa, ya kawo dokokin da muhawarar fadawa a kansu, sannan ya faɗi ra'ayinsa.

A wannan babi na farko aka ce a 755 akwai gidaje wajen miliyan 8.9 da mutane miliyan 52.9, a 760 kuma gidaje miliyan 1.9 da mutane kusan miliyan 17. Masu gaggawa suka ɗebe wannan daga wancan, suka ce ragowar duk gawawwaki ne. To amma rajistar haraji ce, kuma kundin da kansa ya faɗi cewa lissafin 760 daga larduna 169 kawai aka samo shi, alhali kafin yaƙin sun haura 300. Lardin da ke hannun 'yan tawaye ba zai aiko da takarda fada ba. Bayan yaƙin ma gwamnonin soja na arewa maso gabas sun riƙe harajinsu da rajistarsu, ba su aikawa.

Sai a duba yadda harajin yake. A wuyan kowane namiji baligi aka ɗora shi: hatsi, da yadin siliki ko na rama, da aikin gwamnati kwana 20 a shekara. Duk wanda sunansa ya fita daga rajista ya huta. Shi ya sa mutane suka riƙa gudu kudu, wasu suka fake a gonakin manya a matsayin 'yan ƙodago, wasu suka shige gidajen ibadar Buddha. A cikin miliyan 52.9 ɗin ma, wajen miliyan 8.2 ne kaɗai ke biyan haraji. Du You ya san rajistar tana yoyo tun ana zaman lafiya, har ya ƙiyasta cewa ainihin gidajen kafin tawayen sun kai miliyan 13 zuwa 14. An yi asarar rayuka mai yawa, wannan ba musu, amma raguwar da ke kan takarda tana nuna yadda ikon fada ya tsuke ne. Rushewar tsarin ce ta sa a 780 waziri Yang Yan ya kawo harajin da ake karɓa sau biyu a shekara, bisa dukiya da girman gona.

Irin wannan tarkon yana cikin Wenxian Tongkao, kundin wani masanin tarihin Sin mai suna Ma Duanlin, mai juzu'i 348 da babi 24, wanda aka kammala a farkon ƙarni na 14. A rajistar daular Song, wadda ta mulki Sin bayan zamanin Tang, za a ga gidaje sun haura miliyan 20 a wajajen 1110, mutane kuwa ba su kai miliyan 50 ba, wato kamar mutum biyu a kowane gida. Mafi yawan masana sun tafi a kan cewa maza kaɗai aka ƙirga. Ma Duanlin dai ya kyauta wa mai karatu, don ya raba abubuwa uku: nassin takardun hukuma, ra'ayoyin malamai da jami'ai, sai nasa binciken. Wanda ya cakuɗa su zai jingina wa gwamnati maganar da wani malami ne ya yi ta. Kundin Cefu Yuangui na 1013 ya fi wuyar sha'ani: juzu'i 1,000, aikin kwamitin fada ƙarƙashin Wang Qinruo da Yang Yi, kuma ba ya faɗin littafin da ya ciro kowane nassi, don haka sai an gwada shi da wani kafin a dogara da shi.

Masu karatunmu za su so su san cewa a babin tsaron iyaka Du You ya adana guntayen labarin ɗan'uwansa Du Huan, wanda aka kama a yaƙin Talas, tsakanin dakarun Tang da na Abbasiyawa, a 751, ya zauna a ƙasashen Larabawa, ya koma gida ta jirgin ruwan fatake a 762. Ya ambaci salla sau biyar a rana, da haramcin naman alade, da yadda sarki ke hawa mumbari duk bayan kwana bakwai ya yi wa jama'a huɗuba. Littafin Du Huan na asali ya ɓata, abin da aka kwafa daga cikinsa ne kaɗai ya saura.

Wassalam.

Daga wani mai nazarin tarihi, Zariya