Farfaɗowar Ghana: a duba kuɗin wutar lantarki

Assalamu alaikum, Malam Edita. Ina neman fili in yi tsokaci kan farfaɗowar tattalin arzikin Ghana, domin ana ta murnar saukar farashi, an manta da inda kuɗin gwamnati ke zurarewa.

A Disambar 2022 Ghana ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 54.1 cikin 100. Kafin IMF, hukumar ba da lamuni ta duniya, ta amince da rancen dala biliyan 3 a Mayun 2023, sai da aka musanya takardun bashin cikin gida da wasu masu ƙaramin ruwa da dogon wa'adi. Hakan ya ci jarin bankuna, ya kuma taɓa tsofaffin ma'aikata har suka yi zaman dirshan a Ma'aikatar Kuɗi. A Oktoban 2024 aka sake tsara bashin Eurobond, wato takardun bashin da gwamnati ta sayar a kasuwannin waje, na kusan dala biliyan 13, akasarin masu bin bashin suka haƙura da kashi 37 cikin 100 na kuɗin da suke bi.

Wannan duk sauƙin numfashi ne kawai. Ciwon yana ɓangaren lantarki. Ana biyan kamfanoni masu zaman kansu da ke samar da wuta da dala, kuma wasu yarjejeniyoyin sun wajabta biya ko an sha wutar ko ba a sha ba. Shi kuwa ECG, kamfanin gwamnati da ke rarraba wutar, da cedi yake sayarwa, ga satar wuta, ga ma'aikatun gwamnati da ba sa biyan kuɗin wutarsu. Da cedi ya faɗi sai giɓin ya ƙara faɗi, baitulmali ya cike shi da sabon bashi, abin da ya rage kuma ya taru a matsayin bashin da ba a biya ba.

Maganin sananne ne, aiwatarwa ce ke wuya. Duk abin da ECG ya karɓa ya shiga asusu ɗaya, a raba bisa ƙa'ida, a riƙa wallafa lissafin kowane wata. A sa wa ma'aikatu mitar biya-kafin-sha, amma a ware asibitoci. Hukumar PURC mai ƙayyade farashin wuta ta ci gaba da duba farashi duk wata uku, ko da shekarar zaɓe ce, tare da kare rangwamen gidajen da ke shan wuta kaɗan, don kada talakan zango ya biya bashin da ma'aikatu suka ƙi biya.

Mai karatunku,
daga Kumasi