Amsa Ga Malam Kan Tambayar Tsohon Suna

Assalamu alaikum Malam, Allah ya gafarta.

A taron iyayen yaran islamiyyarmu ka miƙe ka tambaye ni a gaban jama'a: don me kwamitinmu yake neman duk wanda zai koyar da yara ya rubuta kowane suna da ya taɓa amfani da shi, ya kawo shaida, alhali yana riƙe da takarda mai tsabta daga DBS, hukumar da ke binciken tarihin laifukan masu neman aiki da yara? Ka ce wannan tonon asiri ne, kuma wanda ya tuba kamar bai yi laifi ba ne. Lokaci ya ƙure a ranar, kuma tunda a fili ka yi tambaya, a fili zan amsa.

Malam, a nan Ingila canza suna ba wuya. Takarda ce da suke kira deed poll, mutum ya rubuta cewa ya bar sunan da, ya ɗauki sabo, shaidu biyu su sa hannu, shi ke nan. Da ita zai nemi sabon fasfo da sabon lasin tuƙi. Dokar laifukan lalata ta 2003 ta ce wanda ke cikin rajistar masu irin wannan laifi dole ya sanar da 'yan sanda cikin kwana 3 idan ya canza suna, in ya ƙi yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara 5. To duba inda gizo ke saƙar: wanda ake tsaron yara daga gare shi, shi aka ɗora wa alhakin kai kansa ofishin 'yan sanda. Kura aka ba ajiyar nama.

Ita kuma DBS, da sunayen da mai nema ya rubuta a fom take bincike. In ya ɓoye na da, ya miƙa fasfo mai sabon suna, takarda na iya fitowa fes. Haka tsarin da ake kira Dokar Sarah, wanda ya ba uwa damar zuwa wurin 'yan sanda ta tambaya ko mutumin da ke kusa da 'ya'yanta yana da tarihin lalata da yara. Wane suna za ta ba su? Wanda ta san shi da shi mana.

An ga wannan da ido. Ian Huntley, wanda ya kashe 'yan mata biyu 'yan shekara 10 a garin Soham a 2002, da sunan Nixon ya nemi aikin kula da makaranta, kuma binciken da gwamnati ta sa Sir Michael Bichard ya yi a 2004 ya gano ba a duba sunan Huntley yadda ya kamata ba. Wani kuma, Ben Lewis, kotu ta same shi da laifin hotunan batsa na yara a 2016. Ya canza suna, ya tsallaka Sifaniya, ya samu aikin koyarwa a Madrid, yara a hannunsa, sai a 2022 aka yanke masa shekara 138. Shi ya sa 'yar majalisa Sarah Champion ta dage kan batun har aka yi muhawara a majalisa a Maris 2023, kuma ƙudirin dokar da gwamnati ta gabatar a 2025 ya ƙunshi ba 'yan sanda ikon hana irin waɗannan mutane canza suna a fasfo da lasin.

Zancen tuba kuwa, ai kai ne malami, ni almajiri. Amma tuba tsakanin bawa da Ubangijinsa take, mu ba mu ga zuciya. Ban ce a kore shi daga masallaci ko a hana shi neman abinci ba. Ya yi tuƙi, ya buɗe shago. Ajin yara 'yan shekara bakwai, ƙofa a rufe, shi ne ba za mu ba shi ba. Mai tuban gaskiya ma da kansa zai nisanci wurin.

Ka kuma san yawancin malamanmu daga gida suke zuwa, inda DBS ba ta gani sam. A Najeriya, da takardar rantsuwa a kotu da ɗan talla a jarida mutum ya zama wani. Akwai rajistar masu laifin fyaɗe ta ƙasa da aka buɗe a Nuwamba 2019 ƙarƙashin NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, amma iyaye nawa suka san da ita?

Don haka fom ɗinmu zai ci gaba da neman tsofaffin sunaye, da takardar haihuwa, da lambar wayar makarantar da mutum ya baro, kuma za mu kira. Abin da aka rubuta ba ya wuce mutum biyu a kwamiti. Ni ma na cika nawa, limaminmu ya cika nasa. Idan akwai sashen da kake ganin ya wuce gona da iri, ka zo zama na gaba mu duba shi tare.

Wassalam,
Shugaban kwamitin kula da yara na islamiyya