Wasiƙa daga Hamburg: maganar ƙananan taragai

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da iyali da su Hajiya. Ka ce in yi maka bayanin wannan "wasan yara" na haɗa ƙananan jiragen ƙasa da na sa kaina a ciki. To ga shi, amma ka shirya, akwai aikin da zan ɗora maka.

A nan Jamus dattawa masu furfura ne suka fi riƙe abin. Ma'aunin da aka fi amfani da shi sunansa HO, wato a rage jirgi zuwa kashi ɗaya cikin 87, faɗin layinsa milimita 16.5. Kamfanin Märklin ya fara fitar da masu wannan layi tun 1935, kuma a garin nan akwai Miniatur Wunderland, wani gidan baje kolin irin waɗannan ƙananan jirage da aka buɗe a 2001, inda jama'a ke biyan kuɗi su kalla.

Taragon fasinja ya fi na kaya ba da wahala, saboda tsawonsa. Na Jamus mita 26.4 ne, idan aka rage shi daidai sai ya kai milimita 303. Ga shi kuma kwanar layin da ake shimfiɗawa a ɗaki matsattsiya ce. Da ya shiga kwana sai cikinsa ya rataya ta ciki, goshinsa ya leƙa waje, rata ta buɗe tsakaninsa da na baya. Dabarar da kamfanoni suka daɗe suna yi ita ce su datse tsawon kawai zuwa ɗaya cikin 100, su bar faɗi da tsayi yadda suke. Ni dai ba ta burge ni ba. Tagogin sai su takure, wanda ya san jirgin da kallo ɗaya zai gane.

Su a masana'anta mazubin ƙarfe suke sassaƙawa, su ɗura narkakkiyar roba. Mazubin na cin kuɗi sosai, don haka sai abin da dubbai za su saya suke yi. Shi ya sa ban taɓa cin karo da taragonmu na Legas zuwa Kano a shago ba, na ce bari in yi da kaina. Ina zanawa a kwamfuta, injin 3D ya fitar. Gangar jikin takan fito da danƙo, sai an wanke an busar da fitila ta musamman. Idan bangon ya yi siriri sai ya lanƙwashe, dole in ƙara masa haƙarƙari ta ciki, in manna ɗan ƙarfe a ƙasa don kada ya goce daga layi. Ka tuna motocin kara da muke yi? Haƙurin ɗaya ne.

Layin da ya iso Kano a 1911 faɗinsa milimita 1,067 ne, ba kamar na Abuja zuwa Kaduna mai 1,435 ba. Idan aka rage 1,067 zuwa kashi ɗaya cikin 87 sai ya dawo kusan milimita 12, saboda haka layi mai milimita 12 zan yi amfani da shi.

Ga aikin naka. Don Allah idan ka samu sarari ka leƙa tashar Zariya, ka nemi izinin ma'aikata tukuna, ka ɗauko mini hoton tsohon tarago ta gefe sosai, ba a karkace ba. Ka ƙirga tagogi, ka auna guda ɗaya da tef, sannan ka durƙusa ka ɗauki wajen ƙafafun, nan ne hotunan intanet suka fi duhu.

A gaida mutanen majalisa. Sai na ji daga gare ka.

Naka,
abokinka na Hamburg