Wasiƙar Godiya ga Ma'aikatan Ɗakin Gwajin Jini na Asibitin Koyarwa na Tarayya, Gombe

Assalamu alaikum.

Ni ne dattijon nan da ya ɗaga muku murya a wurin ɗibar jini, ina cewa ba za mu tashi ba sai an ba mu takarda a ranar. Tunda a gaban jama'a na yi faɗan, ya kamata neman afuwar da godiyar su ma su zama a gaban jama'a.

'Yar ƙanena za a aurar, ni ne waliyyinta. Mun daɗe da sanin jininta AS ne, wato tana ɗauke da alamar S ta ciwon sikila amma ba ta da ciwon. Yaron da ke nemanta, wanda ke sana'a a Tudun Hatsi, ya je wani ƙaramin wurin gwaji a cikin gari ya dawo da takarda, wai shi ma AS. Lissafin a fili yake: idan AS ya auri AS, kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 a haifi mai sikila. Mu kuwa ba a bakin wani muka ji ciwon nan ba. Mun kwana asibiti da yaro yana kukan ƙashi, daga baya muka kai shi makwancinsa. Ga shi an sa rana, an fara haɗa lefe. Gida ya yi tsit kamar an yi rasuwa. Gwaggon yarinyar ce ta kafe sai an sake gwaji a wurinku kafin a mayar da kayan mutane.

Baiwar Allah da ta karɓe mu ta tambayi yaron sunansa, ta rubuta a jikin kwalba a gabansa, ta ce ya karanta ya tabbatar. Sai ta yi masa tambayar da ba wanda ya yi masa a wancan wurin: an ƙara maka jini a cikin wata ukun nan? Ya ce eh, ya yi hatsarin babur a hanyar Kumo mako biyar da suka wuce, an sa masa leda biyu. Nan take ta ajiye sirinji. Ta ce, "Baba, ku yi haƙuri, in muka gwada yau, jinin mutum biyu ko uku za mu gwada, ba nasa kaɗai ba." Ta bayyana mini cewa jajayen ƙwayoyin jini kan yi kimanin kwana 120 a jiki, saboda haka jinin da aka ƙara masa yana nan yana yawo. In wanda ya bayar AS ne, alamar S za ta iya fitowa a gwajin mutumin da ba shi da ita.

Wallahi a lokacin ban ji ko ɗaya ba. Abin da na ji kawai shi ne a ɗaga biki.

Shugaban sashen ne ya fito ya ja ni gefe. Bai yi mini gardama ba, takardar gwaji ya ɗauko ya nuna mini yadda jinin kowa ke tsayawa a layinsa. A gefe guda akwai wani jini da sun riga sun san nau'insa, suna sa shi tare da na marasa lafiya duk lokacin da za su yi aiki. In wannan sanannen bai tsaya inda ya kamata ba, sai a soke aikin gaba ɗaya a sake daga farko. Na ce ashe kamar ma'aunin mai hatsi ne, sai an san tiyar daidai take kafin a yarda da awon. Ya yi dariya ya ce haka ne, Alhaji. Ya kuma ce duk inda muka je gwaji, mu duba ko hukumar kula da ɗakunan gwaje-gwaje ta ƙasa ta yi wa wurin rajista.

Mu ma dai muna da laifi. Mun fi son inda za a miƙo mana takarda kafin mu gama gaisawa, shi ya sa kowane zazzaɓi ake ce mana taifot ne, mu yi ta shan magani.

Aka ɗaga biki. Surutun unguwa kam mun sha shi, har akwai masu cewa wani mugun ciwo ake ɓoyewa. Bayan wata uku sun cika muka koma, sakamako ya fito AA, wato babu alamar S a jininsa. Zuciyata ba ta kwanta ba, na roƙi a sake ɗibar sabon jini, ba ku nuna gajiya ba, ya sake fitowa AA. Abokinsa da ya ba shi leda ɗaya a ranar hatsarin shi ma ya zo ya gwada nasa, sai ga shi AS.

An ɗaura aure, amarya ta tare. Na kawo wa baiwar Allahn nan ɗan abin goro a ambulan, ta ƙi karɓa, ta ce dabinon ɗaurin aure ya ishe ta. 'Yata, ki yafe mini maganganun da na faɗa miki rannan. Allah Ya saka muku da alheri, ke da abokan aikinki, Ya albarkaci zuriyarku.

Naku,
Wani uba daga unguwar Pantami, Gombe