Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ministan Muhalli kan Zaiba da Dodon Koɗin Bakin Teku

Mai girma Minista,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ma'aikatarka ta waiwayi wata 'yar halitta da ba kasafai ake ambatonta a ofisoshin Abuja ba, wato ƙaramin dodon koɗin da ke rayuwa cikin taɓon bakin teku a yankin Neja Delta, wanda mutanen Kalaba da Akwa Ibom ke zuba wa miya, ake kuma auna shi da gwangwani a kasuwannin Fatakwal.

Ranka ya daɗe, wannan halitta a cikin laka take kiwo, laka kuwa ita ce matattarar zaiba, wato ruwan ƙarfen nan mai guba. Idan zaiba ta kwanta a taɓon da ba ya samun iska, ƙwayoyin halittar da ido ba ya gani sukan sauya ta zuwa wani nau'i mafi dafi, wanda ke maƙalewa cikin tsoka ta yadda wanki ko dahuwa ba sa fitar da shi. Dodon koɗin da ya kwashi wannan guba yakan rage cin abinci, girmansa ya tsaya, ƙwansa ya kasa ƙyanƙyashewa yadda ya kamata. Wanda ya rayu kuma ya miƙa gubar ga ƙaguwa da kifi da tsuntsu, har ta kai ga tukunyar mace mai juna biyu, wadda ƙwaƙwalwar ɗan da ke cikinta ta fi kowa shiga haɗari.

Haka ta faru a garin Minamata na Japan, inda kamfanin Chisso ya riƙa zubar da gurɓataccen ruwa mai ɗauke da zaiba a teku daga 1932 zuwa 1968. Halittun ruwa masu ɓawo sun mutu, kyanwoyi sun riƙa tangaɗi suna faɗawa ruwa, amma ba a farga ba sai a 1956, bayan cutar ta kama yara. Da sunan garin ne aka ƙulla yarjejeniyar 2013 kan zaiba, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2018.

Mu 'yan Arewa muna da hannu a maganar. A wuraren haƙar zinariya na Zamfara da Neja da Kabi, matasa na cuɗa garin dutse da zaiba da hannu tsirara, sannan su ƙona dunƙulen a fili, hayaƙin ya bi iska, ragowar kuma ta bi magudanan da ke gangarawa Kogin Kwara, wanda ke ƙarewa a Neja Delta.

Don haka nake roƙon ka umarci hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli, tare da jami'o'in yankin Neja Delta, ta riƙa auna zaibar da ke jikin dodon koɗin nan a kowace damina da rani, a kuma bayyana sakamakon ga jama'a. Tun da ba ya nisa da inda yake kiwo, abin da aka samu a jikinsa shaida ce kan wannan gaɓar ruwan kai tsaye. A lokaci guda, a wadata mahaƙa da tukwanen ƙona zinariya masu murfi da ke kama hayaƙin, a kuma sa ido kan hanyoyin da zaiba ke shigowa ƙasar.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani ɗan ƙasa