Labarin wani marowaci na Landan ya sa na tambayi yaron shagona inda yake kwana

Edita, assalamu alaikum. Ina gaishe ka da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu mai farin jini, Allah ya ƙara basira. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani tsohon labari na Turawa da ya hana ni sakat tun watan Disamban da ya wuce.

'Yata ce ta dawo hutu da wani ɗan ƙaramin littafi da aka ba su a makaranta mai suna A Christmas Carol, wanda Charles Dickens ya rubuta. Da na ga sunan Kirsimeti a jiki sai na ce mata toh wannan ai na maƙwabtanmu ne, ni Musulmi me zan tsinta a ciki, ta ce Baba kai dai ka karanta. Na karanta a dare biyu, daga baya ta nemo min cikakkensa a waya muka bi shi tare tana fassara min inda turancin ya yi tsauri. Gaskiya ban yi zaton zai taɓa ni haka ba.

Littafin ya fito a Landan ranar 19 ga Disamba 1843, kuma kwafi 6,000 na bugun farko sun ƙare kafin ranar Kirsimetin kanta. Shi marubucin ba daga nesa ya hango talauci ba. A 1824 an kulle mahaifinsa a gidan yarin masu bashi na Marshalsea, shi kuma yana ɗan shekara 12 aka tura shi wata masana'antar man goge takalmi yana liƙa takarda a jikin kwalabe a kan sule 6 a sati. Dattawanmu da suka ci zamanin sule da fam za su gane abin da nake nufi. Wanda ya sha wannan wahalar idan ya zo rubutu a kan maigida da yaronsa ai ya san inda yake ciwo.

Labarin wani attajiri ne mai suna Scrooge, tsoho, ba mata ba ɗa, sai kuɗi. Yana da akawu guda ɗaya, Bob Cratchit, yana biyansa sule 15 a sati, da wannan mutumin yake ciyar da mata da 'ya'ya har da wani ƙaraminsu Tim mai ciwon ƙafa da yake dogara sanda. A tsakiyar sanyin Ingila, akwatin gawayi yana ɗakin maigida, wutar da akawun yake ji kamar ƙwayar gawayi ɗaya ce, har yakan kara hannunsa a jikin kyandir ko ya ji ɗumi. Wasu mutum biyu suka shigo neman taimako don talakawa, Scrooge ya tambaye su wai babu gidajen yari ne, babu gidajen aikin gajiyayyu ne, wato irin gidajen nan da dokar talakawa ta 1834 ta yawaita, inda ake raba miji da mata da 'ya'ya a sa su aikin wahala don loma. Suka ce masa da yawa sun gwammace su mutu da su shiga can, ya ce toh su mutu mana a rage yawan jama'a.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, mutumin nan fa bai saci kuɗin kowa ba, ba a ce ya danne hakkin wani a kotu ba, harajinsa yana biya, albashin da suka yi alkawari da akawunsa yana bayarwa. Duk laifinsa a kalma biyu yake, ba ruwana. Haka ma ya faɗa wa masu neman taimakon, ya ce harkarsa ta ishe shi, ba ya shiga ta mutane. To a daren ne fatalwar abokin kasuwancinsa Marley, wanda ya rasu shekara 7 da suka wuce, ta zo masa tana jan sarƙa, kuma sarƙar an ƙera ta ne da akwatunan kuɗi da makullai da kwaɗuna da littattafan lissafi. Ya ce masa shi da hannunsa ya ƙera ta a duniya, ɗaya bayan ɗaya. Da Scrooge ya so ya kwantar masa da hankali ya ce ai kai ɗan kasuwa ne na ƙwarai, sai Marley ya ɗaga murya yana murza hannuwansa ya ce mutane su ne kasuwar da ya kamata ya kula da ita.

Na san wani zai ce Malam ai matacce ba ya dawowa. Haka ne, kuma ni ma a kan haka nake, wannan ƙagaggen labari ne ba aƙida ba. Amma ina karanta wurin nan abin da ya faɗo min shi ne Suratul Mu'minun aya ta 99 da ta 100, inda mutum idan mutuwa ta zo masa yake roƙon Ubangiji a mayar da shi ko ya aikata alheri a abin da ya bari, a ce masa a'a. Wani maƙwabcina Kirista da muka yi hirar ya ce su ma suna da labarin mai arziki da Li'azaru a Luka sura ta 16, mai arzikin ya roƙa a aika wani daga matattu ya gargaɗi 'yan'uwansa biyar aka hana. Wato damar da aka hana waɗannan ita marubucin ya ba Scrooge a labari, mu kuma masu karantawa muna da rai, tamu damar ba ta wuce ba tukuna.

Ruhohi uku ne suka zagaya da shi, na jiya da na yau da na gobe. Na goben ne mutane suka fi tunawa don ban tsoro, an nuna masa gawa a gado ba mai kuka, masu yi masa aiki sun kwashe labulen gadonsa har da rigar da za a binne shi da ita sun kai wa mai sayen kayan gwanjo, kuma waɗanda mutuwar ta taɓa zuciyarsu su ne wani mata da miji da yake bi bashi, su ma sauƙi suka ji. Amma ni na jiyan ne ya fi kama ni, inda aka mayar da shi shagon tsohon maigidansa Fezziwig lokacin yana yaron shago, maigidan ya sa a rufe da wuri a share wuri a kawo abinci da mai kiɗa. Ruhun ya ce masa ai 'yan fam kaɗan ya kashe, meye abin yabo? Scrooge da bakinsa ya ce ba kuɗin ba ne, maigida yana da ikon sa aiki ya zama mai sauƙi ko ya zama azaba, ko da magana ce ko kallo.

Edita, shekara 6 na yi ina yaron shago a wajen wani mai sayar da atamfa, ba zan kama suna ba, Allah ya jiƙansa. Mutumin kirki ne a idon gari, sahun farko, zakkarsa a bainar jama'a. Ni nake buɗe shago ƙarfe shida da rabi lokacin hunturu, yatsuna sun ƙage ina fama da kwaɗo, ya zo ƙarfe tara a kawo masa shayi da ƙwai ya sha ina tsaye ina ninke yadi. Ranar da mahaifiyata ta kwanta asibiti na yi kwana biyu ban zo ba, da na dawo bai ce yaya mai jiki ba, sai ya buɗe littafi ya cire kuɗin kwana biyun. Bai zalunce ni a lissafi ba wallahi, amma har yau idan na tuna sai na ji wani abu ya tokare min maƙogwaro.

Yanzu ni ma ina da shago da yara biyu, kuma a zatona na fi shi nesa ba kusa ba. Da na kai ƙarshen littafin na ga abin da Scrooge ya yi da gari ya waye, eh ya aika wa gidan Cratchit ƙaton talotalo, ya yi wa masu neman taimakon alkawarin kuɗi mai kauri, ya je gidan ɗan ƙanwarsa da ya daɗe yana gudu, amma washegari abin da ya yi shi ne ya ƙara wa akawunsa albashi, ya ce ya je ya sayo wani bokitin gawayi ya hura wuta sosai, su zauna su yi maganar iyalinsa. Sai na tambayi kaina, ƙaramin yaron nan nawa da ya shekara biyu a wurina, a ina yake kwana? Ban sani ba. Na san nawa nake ba shi, na san ba ya ɗaukar ko zare, amma wannan ban sani ba.

Da safe na kira shi na ce zo nan, kai a ina kake kwana? Ya sunkuyar da kai ya ce Alhaji a shagon wani mai guga ne ɗan garinsu, su huɗu, idan an tashi aiki sai su shimfiɗa kwali a ƙasan tebur, kuma rabin abin da nake ba shi gida yake aikawa sabida ƙannensa. Na rasa bakin magana, na ce ya je ya sayo mana shayi kofi biyu. Satin nan muka kama masa ɗaki kusa da gidana, ana gyaran ƙofar.

Roƙona ga malamanmu na sashen Hausa a jami'o'i da marubutanmu, don Allah wani ya zauna ya fassara littafin nan da Hausa mai daɗi, ba shi da tsawo, ko a riƙa buga shi kaɗan-kaɗan a wannan shafi. Akwai abokan kasuwancina da yawa da nake so in miƙa wa, kuma turanci ba zai bar su su karanta ba.

Wassalam.

Naku, mai karanta jaridarku kullum,
wani ɗan kasuwa daga Zariya